Tambaya da Amsa: Gani Fawehinmi da Akwatin Zaɓe

Tambaya: Malam, ina karatun lauya. Kullum malamanmu sai yabon Gani Fawehinmi suke yi, amma na ji ya sha ƙasa da ya tsaya takarar shugaban ƙasa. In har talakawa na son sa, ina ƙuri'unsu suka tafi?
Daga wata ɗaliba, Zariya

Amsa: 'Yata, gaskiya aka gaya miki. A zaɓen 2003 ya tsaya a jam'iyyar NCP da ya kafa tun 1994, kuma ko kashi ɗaya cikin ɗari bai samu ba. Sai dai ba a rumfar zaɓe ya yi tasa siyasar ba, a gaban alƙali ya yi ta.

Haifaffen Ondo ne a 1938, Musulmi, cikakken sunansa Abdul-Ganiyu. Ya yi karatu a Landan, ya fara aikin lauya a 1965. Da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam cikin ambulan a 1986, Gani ya ce sai an gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu. Ba a hukunta kowa ba, amma a 1987 Kotun Ƙoli ta yarda yana da hurumin bin kadin wannan jini, ko da shi ba dangi ba ne. Gwamnatocin soja sun sha garƙame shi. A 1989 har kurkukun Gashuwa aka kai shi, can nesa da iyalinsa.

Shari'ar da ya kamata ki karanta da kyau ita ce ta 2002, wadda ke ɗauke da sunan Balarabe Musa. Hukumar zaɓe ta gindaya sharuɗɗan rajistar jam'iyya da suka zarce abin da tsarin mulki ya tanada. Gani ya ja da ita, Kotun Ƙoli ta rushe akasarinsu, jam'iyyu suka kai 30. Shi ya buɗe ƙofar, wasu suka fi shi cin moriyarta.

Zaɓe kuwa yana son wakili a kowace rumfa, da ofis a kowace ƙaramar hukuma, da kuɗin mota da na abinci. Gani ba shi da wannan, kuma a ganina halinsa ma bai dace da sasancin da siyasar jam'iyya ke buƙata ba. Mutumin da sai a 2001 aka ba shi matsayin babban lauya na SAN saboda yawan rigimarsa da manya, kuma ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta OFR daga gwamnatin 'Yar'aduwa a 2008, da wuya ya zauna a raba muƙamai da shi. Ya rasu a watan Satumba 2009.