Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Fuska Mai Fizga Kamar Lantarki

Wata mai sauraronmu daga Gwandu ta ce an cire mata haƙora, amma ciwon da ke fizgar kuncinta na dama yana nan.

Sannu Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Bayaninki ya yi kama da ciwon jijiyar fuska da likitoci ke kira trigeminal neuralgia. Sau da yawa jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuskar a cikin kai, shi ya sa ruwan alwala mai sanyi, asuwaki ko taunar goro ke tayar da shi na 'yan daƙiƙoƙi. Ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 50.

Don Allah kada ki sake cire haƙori kafin likita ya duba ki. Ki je asibitin Kalgo. Farasitamol bai cika yi wa wannan ciwon komai ba. Carbamazepine ake fara bayarwa, amma kada ki saya da kanki a kyamis, yana sa jiri, kuma in ƙuraje suka fito ki koma wurin likita nan take. In magani ya gaza, akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Kafin ki ga likita, ki riƙa ɗumama ruwan alwala, ki rufe kunci da mayafi lokacin hunturu, ki ci abinci mai laushi.