Idan Injin Dizal Ya Buga a Hanyar Ƙauye: Yadda Ake Ceto Shi

Duk wanda ke bin hanyoyin Kudancin Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kwoi ko Kachia ko ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kagoro, ya san dalilin da ya sa dillalan citta da ma'aikatan lafiya da 'yan kwangila suka dogara da Hilux da Land Cruiser. Damina a wannan yanki doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, rani kuma ya zo da ƙurar hunturu. Motocin suna jure duka biyun, har sai ranar da injin ya buga. Daga wannan rana, abin da ke cinye kuɗin mai mota shi ne gaggawar gyara, domin injin dizal ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Wani abu ne daga wajensa ke kashe shi: ruwa, ko gurɓataccen gas, ko zafi, ko rashin baƙin mai. Wanda ya gyara inji bai gano wannan abu ba, zai biya kuɗin gyaran sau biyu.

Aikin farko na direba ne, kuma cikin daƙiƙu ake yin sa. Da zarar an ji ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, ko fitilar mai ta kama, ko allurar zafi ta haye ja, a sauka gefen hanya a kashe mota, kada kuma a sake murza makulli don a ji ko za ta tashi. Wannan gwajin ne yake mayar da ƙaramar ɓarna babba, musamman idan motar ta mutu ne a cikin rafi. Injin 1HZ na Land Cruiser yana matse iska kusan ninki 22, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka idan ya shiga silinda aka tilasta wa fistin hawa, kwanrod ne zai lanƙwashe, wani lokaci ya fasa jikin inji ya fito. Akwai wani yanayi da ba a cika gani ba amma yana da haɗari: injin ya riƙa gudu da kansa yana fitar da hayaƙi ko an cire makulli, saboda turbo ta lalace tana zuba masa baƙin mai yana ƙonawa. A nan sai a taka birki sosai, a saka babbar giya a saki kuloci ya shaƙe. Idan hakan ya gagara, a toshe masa hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba.

Za a ce, kuma da gaskiya, tsayawa a wasu hanyoyin yankin bayan faɗuwar rana ba ƙaramin ganganci ba ne. Rai ya fi inji, babu gardama. Sai dai injin da ya rasa mai ba ya yin nisa, yakan ƙara 'yan kilomita ne ya ƙame a wurin da ba direba ya zaɓa ba. Ya fi a nemi wata mota ta kwashe mutane ko ta ja wannan zuwa gari mafi kusa. Wajen ja ma akwai ƙa'ida: janwe mai ɗaukar mota gaba ɗaya ya fi, in babu shi kuma tafiyar da nisa, a kwance farfela, domin akwatin giya na iya lalacewa idan tayoyi na juya shi inji kuma a kashe.

Bayan inji ya huce sai a duba shaidun da ya bari, kafin kowa ya ɗora sifana a kansa. A zaro sandar awon mai: idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, idan ya ƙaru yana warin gas, nozul ko famfo na yoyo. A buɗe lagireto a ga ko ruwan ya ragu ko mai na yawo a samansa. A buɗe gidan matatar iska, in ta jiƙe an san inda aka dosa. A tsiyayi gas daga ƙasan matatar mai cikin kwalba mai haske a ajiye ya kwanta, ruwa da datti za su sauka ƙasa. Tun da litar dizal ta haura naira 1,000 a 2023, sayen mai a jarka a hannun 'yan bumburutu ya ƙara jan hankalin direbobi, kuma injinan zamani irin su 2KD da 1KD, masu harba mai da matsanancin ƙarfi, ba sa yafe wa gas mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir kamar yadda tsohon 5L yake yi. A tambayi direba kalar hayaƙin ƙarshe: fari mai kauri yakan nuna ruwa ko gas da bai ƙone ba, shuɗi baƙin mai ne.

A gareji, bakanike ya fara cire hita ko nozul ya juya injin da hannu. In akwai ruwa a silinda zai fito ta ramukan, in injin ya ƙi juyawa an san ya ƙame. Sai a duba taimin bel. Toyota ta sa a canza shi a kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon irin injin da shekararsa, kuma idan ya tsinke fistin yakan daki bawul. Daga nan a auna matsin kowace silinda da agogon awo, a sauke kwanon mai na ƙasa a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe, a duba ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Wannan raga tana da muhimmanci a 1KD: idan wosha ta ƙarƙashin nozul ta fara yoyo, hayaƙi na shiga mai ya daskarar da shi, ragar ta toshe, metal ya ƙone. Mai mota zai ce injin ya buga, alhali wosha ce mai araha ta jawo. Wasu za su ce tsohon bakanike da kunne yake gane ciwo, awo ɓata kuɗi ne. Kunne yana gaya maka akwai ɓarna a ƙasa ko a sama, amma ba ya gaya maka ko kan silinda ya tsage, ko kiranshaf zai ɗauki wanki. Waɗannan sai an kai wurin masu injin awo, a Jos ko Kaduna idan babu a kusa.

Sakamakon awon ne zai raba gardamar da aka saba yi: a sake ɗaure wannan injin, ko a sayo ɗan Beljiyam daga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano? Idan jikin inji bai fashe ba, kiranshaf kuma bai wuce iyakar wanki ba, ɗaurewa da kaya na asali ya fi, domin an san abin da ke ciki. Idan kwanrod ya fasa jiki, sayen wani injin ne mafita. Masu son ɗan Beljiyam suna cewa ya fi sauri, kuma haka ne, amma ba wanda ya san nisan da ya yi a ƙasar da ya fito. A sa a tayar da shi a gaban mai saye, a auna matsinsa, a rubuta yarjejeniyar mayarwa, a kuma sa masa sabon taimin bel kafin a ɗora shi.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne kawar da abin da ya kashe na farko. A wanke lagireto ko a canza shi, a mayar da tamostat ɗin da bakanikai da yawa ke cirewa da sunan ƙasarmu da zafi, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa yana saurin cinyewa. A sauke tanki a wanke, a gwada nozul, a duba turbo, a wanke bututan iska da na'urar sanyaya mai, saboda ɓarɓashin tsohon inji yana maƙalewa a nan ya koma cikin sabo. Mai yawan ƙetare rafi ya sa bututun iska mai hawa saman rufi. Bayan an tayar, kilomita 1,000 na farko a yi su ba tare da lodin buhunan citta ko tsananin gudu ba, sannan a zubar da man a canza matata. Mai mota, kafin ka biya kuɗin aiki, ka sa bakanike ya ɗora maka abin da ya lalace a kan benci ya faɗa maka me ya lalata shi. In ba shi da amsa, aikin bai ƙare ba.