Amsoshin Tambayoyinku: Filin Wasa na Surulere

Malam Sani daga Funtuwa ya aiko da tambaya, yana son jin tarihin babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas.

To Malam Sani, an buɗe filin Surulere a 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, kuma a 1973 ya karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka.

Ranar da ba a mantawa da ita dai tana cikin 1980. A nan Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin, Legas ta kwana murna.

Filin ya ga baƙin ciki ma. A 1989 ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ana wasa da Angola, ya rasu.

Tun da aka buɗe filin Abuja a 2003, Surulere ya koma baya, kujeru suka lalace.