Babi na Bakwai: Kuɗin Ciyar da Yara a Makaranta

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da sassafe, alhali bai sa kome a bakinsa ba, ya san cewa yunwa ba ta barin karatu ya zauna a ƙwaƙwalwa, domin yaron da cikinsa ke kiran ciroma, ko da idonsa na kan allo, hankalinsa yana can gindin murhu. Magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ba su tsaya ga faɗa kawai ba, sun yi aiki da maganar. Tun zamanin da, a garuruwan ƙasar Hausa, idan malami ya sauka da almajiransa, mutanen unguwa ne ke ɗaukar nauyin cimarsu: matan gida su ware kwanon almajiri, manoma su kai zakka da sadaka lokacin kaka, saboda sun ɗauki ciyar da mai neman ilmi ibada ce. Ashe ke nan ciyar da ɗalibi ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu. Abin da ya sake shi ne kaifiyyar yinsa, gama yanzu hukuma ce ke riƙe da shi, da kuɗi ake yinsa, kuma a rubuce ake lissafinsa. Saboda haka ya wajaba ga uba da uwa, waɗanda Allah ya nufa da koyon karatu da lissafi, su san inda kuɗin ke fitowa da yadda ake yanka farashin kowane kwano.

Inda kuɗin ke fitowa

Mutane sukan ce abincin makaranta kyauta ne, amma haƙiƙa babu wani tuwo da ke sauka daga murhu ba tare da wani ya biya kuɗin hatsinsa da itacensa ba. Galibi hanyoyi huɗu ne ake samun kuɗin. Ta farko baitulmali, wato harajin da jama'a ke biya da kuɗin albarkatun ƙasa, waɗanda ake ware wani kaso daga cikinsu a kasafin kuɗin shekara. Ta biyu aljihun iyaye, inda ake sayar wa yaro abinci da rangwame. Ta uku taimakon waje, kamar wanda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa ga makarantun karkara da na makiyaya a Jamhuriyar Nijar. Ta huɗu gudummawar mutanen gari, ko da ta itace ce da ruwa da aikin hannu.

A Nijeriya an fara gwada shirin a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, a jihohi 12 da Abuja, amma bai yi nisa ba akasarin jihohin suka saki, sai jihar Osun ce ta fi daɗewa a kansa. A watan Janairu na 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta soma nata, a kan Naira 50 kowane yaro a rana, yara kuwa suka yi ta tururuwa zuwa makaranta, har nauyin kuɗin ya yi yawa aka dakata. A cikin wannan shekara ta 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shiri na ƙasa baki ɗaya, bisa sharaɗin cewa tarayya za ta ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, a kan Naira 70 kowane yaro a rana, jihar da ta ga za ta iya kuma ta ɗauki 'yan aji huɗu zuwa shida. Aka ɗauki mata masu girki daga cikin garuruwan da makarantun suke, aka buɗe musu asusu a banki don kuɗin ya isa hannunsu kai tsaye, kuma bisa ƙididdigar gwamnati yaran da ke ci sun haura miliyan 9.

Yadda ake yanka farashin kwano

To, ya kai mai karatu, ɗauki fensir mu yi lissafi tare, domin a nan ne mas'alar take. Naira 70 a ido ba ta taka kara ta karya ba, amma idan ka riɓa ta sau miliyan 9, za ka sami Naira miliyan 630 a wuni guda. Idan kuma muka ƙaddara ana zuwa makaranta kwana 200 a shekara, jimla ta zama Naira biliyan 126. Wannan shi ya sa hukuma ke jin nauyin ƙara ko da Naira 10, gama kowace Naira 10 da aka ƙara tana nufin ƙarin Naira miliyan 90 kullum.

Yanzu kuma mu juya mu dubi lissafin daga wajen mai girki. Mu ƙaddara an ba ta yara 100. Kuɗinta na wuni Naira 7,000 ke nan, na kwana 20 kuwa Naira 140,000, wannan ma idan ba a cire kome ba, alhali a jihohi da dama akan cire wani kaso a ba masu kawo ƙwai da nama a dunƙule. Daga cikin abin da ya saura za ta auno shinkafa da wake, ta sayi manja da gishiri da kayan miya, ta sayi itace ko gawayi, ta biya mai ruwa, ta biya wanda zai ɗaukar mata tukunya zuwa makaranta, sannan abin da ya rage, in ya rage, shi ne ladan wahalarta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashinsa a kasuwa, kasuwa kuwa ba ta jiran hukuma ta sake takarda kafin ta tashi.

Daga 2016 sai da aka kai 2022 kafin a amince da ɗaga kuɗin zuwa Naira 100, ga shi kuwa a tsakanin waɗannan shekaru mudun shinkafa da na wake sun riɓanya. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, kayan masarufi suka bi shi, har ta kai ƙwai ɗaya tak ya zarce abin da aka yanka wa yaro na wuni. A watan Janairu na 2024 kuma aka dakatar da shirye-shiryen tallafi na tarayya, har da na ciyarwa, don a binciki yadda ake sarrafa kuɗinsu. Idan farashin kasuwa ya tashi, kuɗin kwano kuwa yana nan inda yake, hanyoyi huɗu ne kaɗai suka rage wa mai girki: ko ta rage yawan abin da take zubawa, ko ta rage kyansa, ko ta riƙa tsallake kwanaki, ko kuwa ta ci bashi, a cikin uku na farko yaro ne ke cutuwa, a na huɗun ita ce. Haka nan jinkirin biya yana da tasa illa, domin wadda kuɗi ya iso mata da kaka, lokacin da hatsi ke araha, za ta iya saye ta adana, amma wadda aka ja wa rai har bazara, tilas ta auna da tsada, ko ta karɓa bashi a hannun ɗan kasuwa da ƙari a kai.

Dabarun waɗansu ƙasashe

Ba mu kaɗai wannan mas'ala ta dama ba, kuma akwai fa'ida a duba tadbirin waɗanda suka riga mu. A Amurka, tun dokar da Shugaba Truman ya sa wa hannu a 1946, gwamnati ke tallafa wa abincin rana a makarantu, kuma tsarin da suke bi yanzu hawa uku ne gwargwadon samun gidan da yaro ya fito: ɗan matalauci ya ci kyauta, ɗan mai ƙaramin ƙarfi ya biya ɗan abu kaɗan, ɗan mai wadata ya biya sosai. Kyan wannan shi ne ba a kashe dukiyar baitulmali mai yawa a kan wanda ya wadata, wahalarsa kuwa ita ce sai an san samun kowane gida a rubuce.

A Indiya an kafa shirin ƙasa a 1995, sannan a 2001 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa lalle dafaffen abinci za a ba yara. Hikimarsu ita ce gwamnatin tarayya tana ba da hatsin kansa, ba kuɗinsa ba, giram 100 ga kowane ɗan firamare a rana, sannan kuɗin cefane da girki a raba shi tsakaninta da jihohi, a yawancinsu tarayya ta ɗauki kashi 60 cikin 100, jiha ta ɗauki 40. Da yake an auna rabon yaro da ma'auni, ko kasuwa ta tashi, hatsinsa ba ya raguwa. A Brazil kuma an yi doka a 2009 wadda ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke bayarwa wajen saye daga ƙananan manoma, ta yadda kuɗin da aka fitar don yaro zai koma hannun ubansa mai noma, ya zaga cikin gari bai fita ba. Wannan manufa ce Tarayyar Afirka ta runguma a 2016, har ta sa 1 ga Maris ta zama ranar ciyar da yara a makarantu.

Abin da ya rataya a wuyan iyaye

Kuɗin abincin yara amana ne, tauye kwanonsu kuwa ɗan'uwan tauye mudu ne, wanda shari'a ta yi hani da shi mai tsanani. Amma amana ba ta tsaruwa inda babu mai dubawa, kuma ba wanda ya fi cancanta ya duba kamar iyayen yaran. Saboda haka idan ana ciyarwa a makarantar garinku, ku shiga kwamitin iyaye da malamai, ku tambayi hedimasta cikin ladabi nawa aka yanka wa kowane yaro, yara nawa ke cikin rajista, nawa kuma ke zuwa a zahiri, domin sunan da ke takarda ba mai shi a aji ƙofa ce ta ha'inci. Ku nemi a rubuta jerin abincin mako a liƙa inda kowa zai karanta, ku sa wani daga cikinku ya riƙa rubuta ranar da aka kawo abinci da ranar da ba a kawo ba. Idan kun ga kwano ya ragu, kada ku yi gaggawar zargin mai girki sai kun bincika ko an biya ta, kuma nawa aka biya ta, gama zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Idan kun tabbata kuɗin ne ya gaza, ku rubuta takarda zuwa ga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma da wakilanku na majalisa, ku sa farashin kasuwarku na wannan mako a ciki, ku roƙi a riƙa sabunta kuɗin kwano kowace shekara. Manoma kuma su haɗa kansu ƙungiya su riƙa sayar wa masu girki kai tsaye, don la'adar dillali ta koma cikin tukunya. Duk waɗannan ayyuka ba su yiwuwa sai ga wanda ya iya karanta lamba ya rubuta wasiƙa, kuma wannan yana daga cikin manyan fa'idojin zamanku a ajin koyon karatu da lissafi.

Tambayoyi

1. Kawo hanyoyi huɗu da ake samun kuɗin ciyar da yara.
2. Mai girki tana da yara 80, kowane Naira 100. Nawa ne kuɗinta na wuni? Nawa ne na kwana 20?
3. Me ya sa rabon hatsin yaro a Indiya ba ya raguwa ko kasuwa ta tashi?
4. Je kasuwa ka rubuto farashin mudun shinkafa, da na wake, da kwalbar manja, sannan ka ƙiyasta abin da kwano ɗaya zai ci.
5. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga hedimasta kana tambayar yawan yaran da ke cikin rajista.