Kalmar "Shilly-shally": Ma'anarta da Asalinta

Ɗalibai da dama kan ci karo da wannan kalma ta Ingilishi su kasa gane ta. Ma'anarta ita ce inda-inda, wato mutum ya kasa tsai da magana ɗaya. Asalinta tambaya ce da mai shakka kan yi wa kansa: "Shall I? Shall I?", wato "In yi? In yi?" Sai wasalin farko ya sauya, kamar yadda ta fito a wasan kwaikwayon William Congreve na shekarar 1700. Daga baya ta dunƙule ta zama aikatau. Kalma ce ta zargi da ba'a, don haka a kiyaye: ba a faɗa wa na gaba ita, ba a kuma sa ta a wasiƙar hukuma. A nan "hesitate" ta fi dacewa.