Daga Mashi Zuwa Kasuwannin Jos

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Mashi. Kafin a kammala shi, mai son ɗanɗana jirgin ƙasa a hanyarsa daga Mashi zuwa Jos sai ya hau mota zuwa Kaduna, ya shiga jirgi a tashar Rigasa ya sauka Idu a Abuja. Yanki tikiti da wuri, ka riƙe katin shaidarka. Daga Abuja mota ce za ta hau da kai Jos ta Akwanga, kuma don Allah ka yi tafiyar da rana.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Sanyinta da asuba ya fi na hunturunmu ratsa ƙashi, saboda haka kada ka bar rigar sanyi a gida.

Kasuwar Farin Gada da ke Jos sammako ake yi mata, lokacin da kabeji da karas ke sauka da raɓarsu. In za ka sayi dankalin Turawa, sa a zazzage buhun a gabanka, domin manyan a sama ake jera su. Ware duk mai rauni ko danshi, guda ɗaya kan ruɓar da saura. Kada ka ƙulle shi a leda. Zafin Mashi ba zai raga masa ba. In ka iso gida, baza shi a inuwa inda iska ke shiga.