Daga Sikeli Zuwa Mudu: Yadda Ake Mayar da Nauyin Hatsi Zuwa Cikin Ma'auni

Gabatarwa

A kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum, da mudu da tiya ake awon gero da dawa da shinkafa. Amma littattafan girki da takardun ma'aikatan lafiya da giram suke magana. Uwar da aka umurta ta dama wa yaro kunu da giram 100 na hatsi, alhali ba ta da sikeli, tilas ta san yadda za ta mayar da wannan nauyi zuwa kofi. In ta kuskure, kunun zai tsinke, yaro ya cika ciki da ruwa bai ƙoshi ba.

Bambancin Nauyi da Ciki

Sikeli nauyin abu yake aunawa, shi kuwa mudu wurin da abu ya cike yake aunawa. Tsarin awo na mita, wanda Faransa ta kafa a 1795, Nijeriya kuma ta koma kansa a shekarun 1970, ya haɗa ma'aunan biyu ta hanyar ruwa: lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo ɗaya. Hatsi bai bin wannan ƙa'ida, domin akwai iska a tsakanin ƙwayoyinsa. Lita ɗaya ta gero ko gyararriyar shinkafa takan kai kimanin giram 800, ta dawa ko masara kimanin 720, ta shinkafa shanshera kuwa kimanin 580, saboda ƙaiƙayi.

Hatsin ots, wanda ake nomawa a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Rasha, ake kuma sayar da shi a gwangwani irin na Quaker, shi ya fi fito da wannan bambanci fili. Ana turara ƙwayarsa a danne ta da inji ta zama falle-falle, don haka litarsa ba ta wuce kimanin giram 360 ba.

Yadda Ake Lissafi

Ƙa'idar ita ce a raba nauyin da ake bukata da nauyin kofi ɗaya na wannan hatsi. Kofi mai mililita 250, wato rubu'in lita, yana ɗaukar giram 200 na gero, amma giram 90 kacal na ɗanyen ots. Ke nan giram 100 na gero rabin kofi ne, na ots kuwa kofi guda da ɗan ɗori. Wanda ya auna ots da lissafin gero bai zuba ko rabin abin da ake bukata ba.

Ɗalibi na iya gwada mudun gidansu da kansa. Ya aza shi a sikeli ba komai a ciki, sannan ya cika shi da ruwa ya sake aunawa. Bambancin da ya samu na kilo shi ne yawan litocin mudun. Daga nan sai ya zubar da ruwan, ya shanya mudun, ya cika shi da hatsi, ya shafe bakinsa, ya auna.

Kammalawa

Abin lura shi ne, mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Haka kuma awon da aka yi wa tozo ya fi shafaffe, wanda aka girgiza ya fi wanda aka zuba kawai. Saboda haka ya kamata mai girki ta tsaya a kan kofi ɗaya, ta san nauyin kowane hatsi a cikinsa, ta kuma riƙa auna shi tun yana ɗanye, domin da zarar ya sha ruwa ya kumbura, lissafin ya sauya.